Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Rini Ke Tona Asirin Ciwon Dajin Mata

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekaru fiye da ɗari ke nan likitocin da ke binciken nama suna dogara ga wannan ido. In an yi wa mace aiki aka ciro ƙari daga mahaifarta, sai a jiƙa naman cikin ruwan fomalin, a daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, a yanko shi siriri fiye da silin gashi, a shimfiɗa bisa gilashi, a rina, sa'an nan likita ya duba da madubinsa ya yanke hukunci, ko daji ne ko kuwa a'a. To, amma an daɗe ana lura da wani abin mamaki. Ga mata biyu, ƙarinsu kama ɗaya a ƙarƙashin madubi, magani ma iri ɗaya, sai ɗaya ta warke sarai, ɗayar kuwa ciwon ya komo mata. Ashe kama da wane ba ta wane.

Dalili kuwa shi ne, ciwon daji yana farawa ne daga lalacewar ƙwayoyin gado, kuma kowace irin lalacewa tana barin shaidarta. Wani sinadari yakan yi yawa, wani kuwa yakan ɓace. Yanzu akwai rini na musamman, kowane ɗaya sinadari guda tak yake kamawa. In sinadarin yana nan, wurin ya koma ruwan ƙasa; in babu shi, rinin ya ƙi ci.

A fara da bakin mahaifa. A 1983 da 1984 wani Bajamushe, Harald zur Hausen, da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar HPV mai lamba 16 da mai lamba 18 a cikin naman dajin bakin mahaifa, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 2008. Waɗannan biyu su ke haddasa wajen kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. In ƙwayar cutar ta mallake ƙwayar halitta, sai wani sinadari da ake kira p16 ya taru jingim. Sau da yawa kumburi ko tsufa yakan sa nama ya yi kama da mafarin daji. A nan rinin p16 yake raba gardama, a yi wa mai bukata aiki, a ƙyale wadda ba ta bukata. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba dajin bakin mahaifa gida biyu, wanda HPV ta haddasa da wanda ba ruwanta da shi, kuma na biyun ya fi wuyar sha'ani.

Sai dajin shimfiɗar cikin mahaifa, wanda alamarsa ta farko galibi ita ce ganin jini bayan mace ta daina al'ada. A 2013 wani ayarin masana a Amurka suka bincika ƙari 373, suka tarar ciwon da ake kira da suna ɗaya iri huɗu ne. Na farko shi ne mai lalacewar ƙwayar gado POLE, wadda ba rini ke nuna ta ba, sai an karanta ƙwayar gadon kanta. Wannan yana da ban tsoro a ido, amma da wuya ya komo bayan aiki, har ma in an kama shi da wuri akan iya ɗauke wa mace wahalar gashi. Na biyu shi ne mai gurɓataccen p53, wanda ya fi duka mugunta, don haka akan haɗa masa da maganin daji mai ƙarfi. Na uku shi ne wanda ya rasa ɗaya daga sinadarai huɗu masu gyara kuskuren gado, na huɗu kuma shi ne wanda ba shi da ko ɗaya daga waɗannan shaidu. A 2023 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, watau FIGO, ta shigar da wannan rabo cikin ma'aunin matakan ciwon.

Iri na ukun nan yana da magana biyu. Ta farko, yakan ji sababbin magunguna masu zaburar da garkuwar jiki. Ta biyu, a wajen wasu matan rashin nan gadonsa suka yi, abin da ake kira larurar Lynch, mai jawo dajin hanji ga maza da mata. Kowane ɗa na mai wannan larura yana iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi. Ke nan gilashi ɗaya yana iya zama gargaɗi ga gida guda.

Akwai kuma wani ciki da ba jariri a cikinsa, sai ƙulli-ƙulli masu ruwa kamar 'ya'yan inabi. Cikakken irinsa, wanda gadon uba kaɗai ke cikinsa, yakan rikiɗe ya nemi maganin daji a wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Sinadarin p57 daga gadon uwa kaɗai yake fitowa, saboda haka rashinsa shi ke fallasa cikakken irin, ko da an ɗauka ɓari ne kawai. Daga nan sai a riƙa auna sinadarin hCG a jinin matar har ya sauka.

Lalle ne kuma a yi hattara. Gwajin jini na CA-125, wanda aka gano a 1981, yakan hau a dajin ƙwan mace, amma yakan hau saboda juna biyu, ko al'ada, ko ƙarin mahaifa marar daji, ko tarin fukan da ya kama ciki. Shaida ce guda, ba alƙali ba ce. Hukunci na wajen likitan da ya haɗa ta da abin da ya gani cikin nama.

Duk wannan ilmi kuwa a kan abu ɗaya ya rataya, watau naman ya isa ɗakin bincike da kyaunsa. In an bar shi ya daɗe ba fomalin, sinadaran sun lalace, rini ya yi ƙarya. Saboda haka in ma'aikatan asibiti suka miƙa wa dangi kwalba suka ce a kai gwaji, kada a yar, kada a binne, kada kuma a ce ai an riga an cire ciwon. A kai ta nan da nan, a koma a karɓi sakamako, a tambayi likita wane iri ne, kuma ko akwai rinin da ya kamata a ƙara. Naman da aka daskarar cikin kaki yakan yi shekaru bai lalace ba, ana kuma iya aika shi wani asibitin koyarwa in na kusa ba shi da rinin. Wanda ya binne naman matarsa, ya binne amsar da likita ke nema.