Sifirin Ɗin Bawul: Ɗan Ƙarfen Da Ke Riƙe Da Ran Inji

A cikin kayan injin mota da wuya a sami abin da ake rainawa kamar sifirin ɗin bawul. Bai kai tsawon yatsa ba, aikinsa kuwa ɗaya ne tak, watau ya mayar da bawul mazauninsa bayan kamshaf ya danna shi ya buɗe. To, amma mai karatu ya yi lissafi. Idan inji yana juyi 8,000 a minti guda, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 4,000, kusan sau 67 ke nan a daƙiƙa ɗaya, domin kamshaf rabin juyin inji yake yi. Bugu da ƙari, in an ninka saurin inji sau biyu, ƙarfin da ake bukata don dawo da bawul sau huɗu yake ninkuwa.

Ran da sifirin ya gaza, sai bawul ya daina bin kamshaf, ya makara wajen rufewa. Fistin kuwa ba ya jiran kowa. Da sun gamu bawul ya lanƙwashe, ko kansa ya karye ya faɗa cikin silinda, injin da aka zuba wa dukiya ya tashi aiki nan take.

A nan ne masu son gudu da yawa ke tuntuɓe, don suna zaton magani shi ne a sayo sifirin mafi tauri a kasuwa. Ba haka ba ne. Wanda taurinsa ya wuce kima yana cinye doron kamshaf, ya ƙara gogayya da zafi, ya kuma sace ƙarfin da ake nema. Gwanin makanike daga kamshaf yake fara zaɓe. Zai duba zurfin da yake buɗe bawul, ya auna ƙarfin sifirin lokacin da bawul ke rufe da lokacin da ya buɗe sarai, sa'an nan ya tabbata zobban sifirin ba su haɗe ba, an bar rata kamar milimita 1.5. In sun haɗe, sifirin ya zama dunƙulen ƙarfe, dole wani abu ya karye. Har ila yau kowane sifirin yana da tasa rawar jiki, wadda kan tsananta a wani mataki na gudu, shi ya sa ake saka biyu, ƙarami cikin babba, ko a ƙera mai faɗin gindi da tsukakken kai. Abin da ya fi duka shi ne rage nauyin bawul da murfin da ke riƙe sifirin, dalilin da ya sa injinan tsere ke amfani da ƙarfen taitaniyam, duk da tsadarsa.

Manyan maƙera sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1954 kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fitar da motar tsere W196, wadda Juan Manuel Fangio ya tuƙa, inda kamshaf da kansa ke buɗe bawul ya kuma rufe shi. Ducati na Italiya ya ɗauki wannan dabara a 1956 ta hannun injiniya Fabio Taglioni. Honda na Japan kuwa ƙanƙanta kaya ya yi: baburinsa RC166 na 1966 silinda shida gare shi, kowace da ƙananan bawul huɗu, yana juyi wajen 18,000.

Renault na Faransa ne ya yi watsi da waya gaba ɗaya a 1986, ya sa matsattsiyar iska a madadinta cikin injin motar Lotus da Ayrton Senna ya tuƙa a tseren Formula One. Sannu a hankali sauran suka bi sahu, har injin Cosworth ya kai juyi 20,000 a 2006. Sai dai wannan tsari yana bukatar tulun iska a jikin mota, in ya yi yoyo tsere ya ƙare, saboda haka motocin kan titi suka tsaya ga sifirin na waya.