Ledar Da Ba A Roƙa Ba

Tsofaffin ɗalibanmu da ke karatu ko aiki a Ingila sukan ba mu labarin wani abu da ke ba baƙo mamaki. Ƙofofin gidajen ƙasar suna da wata 'yar kafa inda mai kawo wasiƙa yake jefa wasiƙu. Ba wasiƙa kaɗai ke shigowa ta nan ba. Sau da yawa mutum yakan tashi da safe ya tarar da wata babbar leda a naɗe a ƙasa, da sunan wata ƙungiyar agaji a jikinta. Rubutun yana roƙonsa ya cika ta da tufafin da ya daina sawa, ya ajiye ta a bakin ƙofa ranar kaza, mota za ta zo ta ɗauka. Bai roƙa ba, ba a kuwa tambaye shi ba. Kafin wata ya ƙare sai ga wata, sai ga wata, har su taru.

To, me za a yi da su? Mutane da yawa sun mai da su ledar shara. Waɗansu suna adana barguna a ciki idan sanyi ya wuce. Amma akwai masu jin nauyi a zuciya, suna tambaya: ba cin amana ba ne a zuba shara a cikin abin da aka buga sunan marayu ko marasa lafiya a kai? Wata tambayar kuma ta fi wannan nauyi: shin masu ledar nan ma masu gaskiya ne?

Ga ra'ayinmu. Wanda ya yi amfani da ledar don wata bukata tasa bai yi laifi ba. Laifin da ya kamata a guje masa shi ne ba da kyauta ido rufe, ko kuwa daina kyauta gaba ɗaya saboda tsoron macuta.

Da farko mu duba ledar kanta. Wanda ya jefa abu cikin gidanka ba da izininka ba bai ɗora maka bashi ba. Roƙo ne ya yi, mai gida kuwa yana da ikon amsawa ko ƙi. Idan an rubuta cewa a mayar da ita bakin ƙofa in ba a yi amfani da ita ba, yin hakan ladabi ne mai kyau. Idan kuwa ranar ta wuce ba wanda ya zo, jefar da sabuwar leda almubazzaranci ne. Tun watan Oktoba na 2015 manyan kantunan Ingila suka fara cajin kwabo 5 na kuɗinsu a kan kowace ledar sayayya, a 2021 aka mai da shi kwabo 10, domin a rage ledar da ke ɓata ƙasa da teku. Ƙasar da ke wannan ƙoƙari ba za ta zargi mai sake amfani da leda ba. Shawara ɗaya ce kurum: a juya cikinta waje, sunan ƙungiyar ya ɓuya, kada mai tattara tufafi ya ɗauki shara bisa kuskure.

Na biyu, batun gaskiyar masu ledar. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Kashi na farko ƙungiyoyin agaji ne na ainihi, masu aika motocinsu, su kai kayan shagunansu su sayar, kuɗin ya tafi ga aikin da suka ambata. Kashi na biyu kamfanonin kasuwanci ne da suka yi yarjejeniya da wata ƙungiya: su buga sunanta, su tara kayan, su sayar, su ba ta wani kaso. Wannan ba haram ba ne a dokar ƙasar, amma kason yakan zama ɗan kaɗan. A 2011 ƙungiyar British Heart Foundation, mai taimakon binciken ciwon zuciya, ta yi kashedi cewa yawancin kayan da ake sawa a irin ledojin nan ba sa isa shagunan agaji, 'yan kasuwa ne ke sayar da su a ƙasashen waje. Kashi na uku kuwa 'yan damfara ne tsantsa. Sukan rubuta kalmomi masu taɓa zuciya, wai don iyalai matalauta a Afirka ko Gabashin Turai, alhali babu wata ƙungiya a bayansu. Banda waɗannan akwai ɓarayi masu yin sammako su kwashe ledojin da aka cika kafin masu su na gaskiya su iso.

Matambayi ba ya ɓata, kuma hanyar tambaya a buɗe take. A Ingila da Wales akwai doka tun 1939 wadda ta ce mai bin gida gida yana tara taimako sai ya sami lasisi daga hukuma, sai fa waɗansu manyan ƙungiyoyi da gwamnati ta ba izini na ƙasa baki ɗaya. Akwai kuma hukumar rajistar ƙungiyoyin agaji, wato Charity Commission, wadda ke ba kowace ƙungiya mai rajista lambarta, kowa kuma yana iya duba suna da lambar a intanet kyauta. Macuta sukan buga lambar rajistar kamfani su bar mai karatu ya zaci ta ƙungiyar agaji ce. Doka kuma ta wajabta wa kamfanin da ke tara kaya da sunan wata ƙungiya ya bayyana abin da zai kai wa ƙungiyar. Saboda haka ledar da ba ta da suna sosai, ba lamba, ba bayanin kaso, sai lambar wayar hannu kawai, ta fi dacewa da kwandon shara.

Wani zai ce, ina ruwanmu da ƙofofin Ingila? Ruwanmu kuwa da yawa, gama ƙarshen tafiyar kayan nan yakan zo har jikinmu. Bayan an tattara tufafin, akan ware su daraja daraja, a matse su cikin dila, a loda su a jirgin ruwa zuwa tashoshi irin su Kwatano da Lome da Tema. Daga nan sai kasuwa: Kantamanto a Akra, Ƙofar Wambai a Kano, Katako a Jos. Mu muna ce musu gwanjo. Wane ne a cikinmu, ɗalibi ko malami, bai taɓa sa rigar sanyi ta gwanjo a lokacin hunturu ba? Mai yiwuwa ne wadda ta saka rigar a leda ta zaci kyauta za a ba wani mabukaci. Iyayenmu kuwa da kuɗinsu suka saya.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce sayar da gwanjo laifi ne ba. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje masu yawa, tana kuma suturta wanda ba shi da ƙarfin sayen sabo. Ko ƙungiyoyin gaskiya ma sayar da kayan suke yi, domin kuɗi ya fi tsohuwar riga amfani wajen sayen magani ko haƙa rijiya. Abin da muke ƙi shi ne ƙarya. Wanda ya ce ciniki yake yi, ya yi cinikinsa lafiya. Amma wanda ya ari sunan talakan Afirka ya cika aljihunsa ya cuci mutum uku: mai bayarwa, ƙungiyar gaskiya da aka hana rabonta, da mu da aka yi bara da sunanmu ba da saninmu ba.

Akwai masu cewa tun da ba a iya rarrabe na kirki da na banza, gara a daina bayarwa. Mun fahimce su, gama wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk da haka ba mu yarda ba. Idan wake ɗaya ya ɓata gari, ba a daina cin abinci. Mai tufafin kyauta yana iya ɗaukar ledar da yake shakkarta, ya juya ta, ya cika ta, ya kai da hannunsa shagon ƙungiyar da ya sani. Ta haka ledar macuci ta yi wa gaskiya aiki.

A ƙarshe, 'yan'uwa ɗalibai, darasin ya dawo gida. Mu ma mukan tara tufafi da kuɗi don waɗanda gobara ko ambaliya ta shafa. Duk ran da muka miƙa hannu da sunan wani, bari mu faɗi ko mu su wane ne, wa ya ba mu izini, ina kayan za su, sa'an nan mu dawo mu ba da lissafi a fili. Duk ran da aka miƙo mana hannu kuma, mu yi tambaya ba tare da jin kunya ba, gama mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma hakkin mai bayarwa ne ya duba hannun da ya miƙa wa.