Zuwa ga masu haƙar zinari a ƙasar Minna



Maganata a kan dutsen da kuke fasawa ce, daga bakin kogin Chanchaga har Shiroro da Rafi. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, narkakken dutse ya kutso daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare. Shi ne waɗannan falalen duwatsu da suka kewaye Minna. A zamanin nan ne ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagogin ƙasa, da ya huce ya bar farin dutse da zinari a ciki. Ita ce jijiyar da kuke bi.

Tunda tsaga ce ta haife ta, tana da alƙibla. Yawanci takan miƙa daga kudu zuwa arewa, ta ɗan karkata gabas, kuma an fi samunta cikin dutsen nan mai falle-falle da ke maƙwabtaka da falalen. Takan kumbura, ta tsuke kamar yatsa, ta sake buɗewa a gaba. In ta tsuke, kada ku fasa ko'ina don haushi. Ku duba inda farin dutsen ya yi tsatsa da ƙananan ramuka: wani ma'adini ne ya ruɓe a wurin, sau da yawa yakan bar zinari.

Abin da ya fi damuna shi ne dutsen tozali. Kun san shi: toka-toka ne, mai nauyi, yana ƙyalli, in an buga shi sai ya farfashe ƙanana masu kusurwa huɗu. Ana murna da ganinsa, domin yakan zo tare da zinari, har da ɗan azurfa a jikinsa. Amma mafi yawansa dalma ce. A 2010 ƙurarsa ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum. A 2015 abin ya iso gida: yara 28 suka rasu a ƙaramar hukumar Rafi. An kai dutse tsakar gida, an daka a turmi, yara masu rarrafe suka sa hannu a ƙasa suka kai baki. Don Allah, niƙa ya tsaya a daji, ku jiƙa dutsen kafin ya shiga inji, kayan aiki kuma a tuɓe su a can, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Zaibar da ake kama zinari da ita ma kada a ƙona ta kusa da murhun girki.

Saman jijiya ruɓaɓɓen dutse ne, da ya sha ruwa sai ya saki. Haka wani rami a Galkogo ya rufta da mutane a Yunin 2024 bayan ruwan sama. In damina ta sauka, ramin da ba a tokare ba kada kowa ya shiga.

In kun buɗe sabuwar jijiya, ku haɗa kuɗi ku kai samfuri sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ku nemi a duba muku abin da ke ciki kafin ku fara niƙa.

Allah Ya tsare ku a rami. Wassalam.