Tayar radiyal a kan ƙaramin babur: gyara ne ko ganganci?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya ci karo da bidiyoyin samarin Indiya da Indunusiya da ke kwance babur ɗinsu, su cire siririn wilin da ya zo da shi daga kamfani, su ɗora mai faɗi, sannan su saka masa ƙatuwar taya. Cikin minti ɗaya an gama, an zuba kiɗa, babur ya koma kamar na masu tsere. Abin ya fara shiga ran matasanmu masu Boxer da TVS da Haojue, har ka ji wani na cewa da zarar kuɗi sun shigo zai "koma radiyal".

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Tayar radiyal fasaha ce mai kyau, amma canza wilin ƙaramin babur don kawai a saka ta asarar kuɗi ce ga mafi yawanmu, kuma idan aikin ya faɗa hannun wanda bai iya ba, wasa da rai ne.

Mece ce radiyal ɗin ma tukuna?

Taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai shimfiɗun zaruruwa masu ƙarfi, su ne ƙashin bayanta. A tsohon tsari, wanda ake kira bayas, ana jera zaruruwan ne a karkace, shimfiɗa ɗaya ta gitta ɗaya kamar saƙar tabarma. Wannan ya sa gefen tayar da bayanta mai taɓa ƙasa suka zama abu guda mai tauri. A radiyal kuwa, zaruruwan suna tafiya ne kai tsaye daga wannan baki zuwa wancan, sannan a naɗa ɗamara ta ƙarfe ko ta wani zare mai ƙarfi a ƙarƙashin inda ke taɓa kwalta. Saboda haka gefenta yana da laushi, bayanta kuma yana da ƙarfi, kowanne na aikinsa daban.

Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1946, amma sai da aka shafe kusan shekara arba'in kafin ta iso kan babura. Pirelli ya fitar da tasa a 1983 don Honda VF1000R, Michelin kuma ya kawo ta kasuwa ga baburan titi a 1987 bayan ya gwada ta a filin tsere. Ka lura da irin baburan da aka fara yi wa ita: manya ne masu gudun fiye da kilomita 200 a awa, waɗanda tsohuwar taya ke ɗaukar zafi a ƙarƙashinsu har ta fara gazawa. Matsalar da radiyal ta zo magancewa ke nan. Ba ta ɗaukar zafi sosai a babban gudu, tana kama kwalta da kyau a kwana, kuma ana iya yin ta da faɗi da gajeren gefe.

Yanzu ka tambayi kanka: babur mai inji 100 ko 150, da ke yini tsakanin gudun 40 zuwa 80 a cikin gari, yana da wannan matsalar?

Da yawa ma ba radiyal suke nema ba

Akwai ruɗani a kasuwa. Mutane da dama, har da wasu masu sayar da taya, suna kiran duk wata taya mai faɗi marar tub da sunan radiyal. Abubuwa biyu ne daban. Tubles na nufin babu tub a ciki, radiyal kuma yadda aka jera zaruruwa ne. Akwai tayoyin bayas tubles birjik.

Hanyar ganewa tana jikin tayar. Idan ka ga 130/70 R17, harafin R ɗin nan shi ne radiyal. Idan ka ga 130/70-17 ko 3.00-18, da ɗan layi a tsakani, bayas ce. Harafin B kuma bayas ce mai ɗamara. Duk abin da mai shago zai faɗa maka, idan babu R ko ZR a gaban lambar ƙarshe, ba radiyal ba ce.

Idan ka zauna da masu son canjin nan, za ka tarar abin da ke damun yawancinsu shi ne yawan faci, ko kuma suna son babur ya yi kyau a ido. Maganin na farko taya ce mai inganci, ko tubles a kan wilin da aka ƙera don tubles. Na biyu kuwa ado ne, kuma ya kamata mutum ya san farashin adon kafin ya biya.

Abin da canza wili ke jawowa

A aikinmu na rubuta manhaja akwai abin da kowa ke koya da wuri: ba ka taɓa abu ɗaya a cikin tsari sauran su zauna lafiya. Ka sabunta ɓangare guda, sai wasu uku da suka dogara da shi su tsaya. Wanda ya taɓa ɗora wa wayarsa tsarin Android na wata waya daban ya san zancen: ta kunnu, amma kyamara ta mutu, ko layi ya daina kamawa. Babur ma haka yake, sai dai idan waya ta maƙale za ka kashe ta ka kunna, babur kuwa a kan titi yake maƙalewa, kai kana kai.

Mu fara da faɗi. Tayar bayan ƙaramin babur faɗinta bai wuce milimita 80 zuwa 100 ba, kuma tana zaune ne a kan siririn wili da bai kai inci biyu ba ko ya ɗan haura. Radiyal mai lamba 140 tana buƙatar wili mai faɗin inci uku da rabi zuwa huɗu. Idan aka matsa ta da ƙarfi a kan siririn wili, sai ta tsuke ta yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, bakinta kuma bai zauna daidai ba. Wato ka biya kuɗin ƙarin kamun ƙasa, ka samu ragi.

To sai a ce a canza wilin. Daga nan lissafi ke farawa. Daga taya mai faɗin 80 zuwa mai 140 an samu ƙarin milimita 60, wato 30 a kowane gefe. A gefe ɗaya kuwa sarƙa ce ke wucewa. Dole a tura faifan haƙoran baya waje, kuma idan ba a tura na gaba daidai da shi ba, sarƙa za ta riƙa gudu a karkace. Ƙaramin sakamakon shi ne ta ci haƙora da wuri. Babban shi ne ta zame ta cushe, tayar baya ta ƙame kana cikin gudu. Sau da yawa ma ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ba ya ɗaukar sabon wilin, sai a kai wa mai walda ya yanka ya buɗa. Ƙarfen da kamfani ya auna ya gwada, ya koma dogaro da idon mai walda.

Sai sandar da wili ke juyawa a kai. Kaurinta ya bambanta daga babur zuwa babur, don haka sai an canza boris, an yanko ƙarafunan cike giɓi. Kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya sa tayar gaba da ta baya su daina bin layi ɗaya, babur ya riƙa ja gefe. Birki ma haka. Idan naka na ganga ne, sabon wilin kuma na faifai, sai an ƙera mazaunin da zai riƙe birkin, kuma wannan ɗan ƙarfen shi ne tsakaninka da bayan tirela.

Akwai kuma tsayi, kuma wannan za ka iya lissafa shi da kalkuletar wayarka. Ɗauki taya 90/90-18. Tsayin gefenta kashi 90 cikin ɗari ne na 90, wato milimita 81. Sau biyu, 162. Ƙara inci 18, wato milimita 457, ka samu 619. Yanzu ɗauki 110/70 R17: gefe 77, sau biyu 154, ƙara 432, ka samu 586. Bambancin milimita 33 ne. Gaban babur zai sauka da kusan milimita 16, wanda ke canza yadda kai ke juyawa, ya sa shi saurin karyawa da yiwuwar rawa a gudu. Agogon gudu da ke karantawa daga tayar gaba zai riƙa ƙara maka sama da kashi 5 cikin ɗari. Idan babur ɗin na da birkin ABS, na'urarsa tana ƙirga juyin taya ne bisa girman da kamfani ya saita mata, ka ga an shiga wani ruɗanin.

Na ƙarshe shi ne nauyi. Babban wili da babbar taya sun fi nauyi, ƙaramin inji ne kuma zai juya su. Babur zai yi nauyin tashi, ya ƙara shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ban san mai babur ɗin da ke neman ƙarin shan mai ba.

Hanyoyinmu ma suna da ta cewa

Taurin gefen tayar bayas, wanda ake ɗauka aibi ne a filin tsere, shi ne alfanunta a wajenmu. Yana ɗaukar kaya da goyo, yana jure faɗawa rami da hanyar burji. Shi ya sa har yau kamfanoni ke fitar da baburan daji da na dakon kaya da ƙananan baburan gari da bayas, ba don ba su san radiyal ba. Gajeren gefen radiyal kuwa yana miƙa dukan rami kai tsaye zuwa wili. Wilin sifoki idan ya lanƙwashe ana miƙar da shi, na alminiyon kuwa yana iya tsagewa.

Ka kuma yi tunanin ranar da taya za ta fashe maka tsakanin ƙauyuka. Kowane mai faci yana da tub, kuma 3.00-17 ko 3.00-18 ba ta wuyar samu a kasuwar ƙaramar hukuma. Ina za ka samo 140/60 R17 a ranar?

Abin da masu goyon bayan canjin za su ce

Za su ce ai akwai ƙananan babura masu radiyal. Gaskiya ne. Yamaha FZ16, da ya fito a Indiya a 2008 da inji 153, ya zo da 140/60 R17 a baya. KTM Duke 200 kuwa gaba da baya radiyal ne. Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Injiniyoyin kamfanonin sun zana wili da ƙarfen baya da shokasoba da layin sarƙa ne tare da tayar tun daga takarda. Ba a gefen titi aka liƙa ta ba.

Za su kuma ce a Turai da Amurka masu tsofaffin manyan babura na shekarun 1970 da 1980 suna ɗora musu wilin inci 17 daga sabbin babura. Haka ne, kuma a can abin yana da ma'ana: injin yana da ƙarfin da zai amfana, kuma aikin ana yin sa ne da injin yankan ƙarfe da ma'auni, ba da guduma ba. Duk da haka, kamfanin Continental na Jamus ya fitar da radiyal mai suna ContiClassicAttack a girman inci 18 da 19, don masu irin waɗannan babura su samu radiyal ba tare da sun taɓa wili ba. Ko a can ɗin, hanyar da ta fi aminci ita ce a nemo tayar da ta dace da wili, ba a canza wili don taya ba.

Wani kuma zai ce bari ya saka radiyal ɗaya kawai. A nan a yi hattara. Radiyal a gaba da bayas a baya haɗi ne mai haɗari, har dokar Birtaniya ta haramta shi. Bayas a gaba da radiyal a baya kuwa wasu kamfanoni na yi, amma bayan sun gwada a kan wannan babur ɗin takamaimai.

To me ya kamata ka yi da kuɗin?

Sayi taya sabuwa ta kamfanin kirki, daidai girman da aka rubuta a littafin babur ɗinka ko a jikinsa. Duba shekarunta: a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, misali 2323 na nufin mako na 23 a shekarar 2023. Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da ba ta cinye ba. Wannan ya fi shafar radiyal ɗin gwanjo da ake shigowa da su, domin sabuwar bayas ta fi tsohuwar radiyal da robarta ta bushe nesa ba kusa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana jan kunne kan tsofaffin tayoyi.

Duba lambar nauyi da gudu. Idan ka ga 52P, ma'anarsa tana ɗaukar kilo 200, gudunta kuma bai wuce kilomita 150 a awa ba. Sayi ɗan gejin iska ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, maimakon bugun ta da ƙafa. Mafi yawan zafin da ke kashe taya a kan kwaltarmu ta watan Afrilu daga ƙarancin iska da lodin wuce kima yake zuwa, kuma radiyal ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Idan akwai canji, gyara birki da shokasoba, ka sayi hular kwano ta gaske.

Idan kuwa ranka na kan radiyal ɗin ne, tara kuɗin wili da walda da boris da taya, ka haɗa da kuɗin babur ɗinka, ka nemi wanda aka ƙera da ita tun daga kamfani. Zai ɗauki lokaci, amma ya fi a je garin gyaran gira a rasa ido.