Kafin ka sayi sabon katin girafik, leƙa PSU ɗinka

1/ Duk wanda ke tara kuɗin sabon katin girafik don gem ko gyaran bidiyo, ya ɗan tsaya. Ra'ayina shi ne, in kuɗinka bai kai katin da PSU mai kyau tare ba, to kuɗin katin bai cika ba tukuna. PSU ɗin nan shi ne akwatin da ke raba wa komai wuta a cikin kwamfuta, kuma shi aka fi rainawa.

2/ Ramin madabod da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa. Sauran ta waya yake zuwa daga PSU: mai fin 6 wat 75, mai fin 8 wat 150. RTX 3060 na cin wat 170, Nvidia ta ce a haɗa shi da PSU mai 550. RTX 3080 na cin 320, yana son 750.

3/ Ga inda yawancinmu ke faɗawa. Kwamfutocin ofis na gwanjo irin Dell OptiPlex suna da araha, amma PSU ɗinsu da yawa bai kai wat 300 ba, babu wayar kati ko ɗaya. Wasu ma bakin wayarsu na madabod daban yake, ba za ka cire ka sa na kasuwa kai tsaye ba. Mai irin wannan ya nemi katin da ramin kaɗai ke ɗauka, kamar RTX 3050 mai 6GB.

4/ Sai a ce maka "ai akwai adafta". Wanda ke mayar da wayar SATA zuwa fin 8, don Allah rabu da shi. Bakin SATA wat hamsin da ɗoriya aka yi shi ya ɗauka, kai kuma kana so ya ɗauki 150. Narkewa zai yi.

5/ Kar lambar da aka buga ɓaro-ɓaro a kwali ta ruɗe ka. Karanta takardar da ke manne a jikin PSU ɗin, nemo layin +12V, ka ninka amp ɗinsa da 12. In an rubuta 650W amma layin amp 30 ne, wat 360 ke nan, kuma daga nan kati da firosesa ke sha. Tambarin 80 Plus ma yawan asarar wuta yake aunawa, ba shaidar inganci ba ce.

6/ Ka bar rara. Manyan katuna kan fizgi wuta fiye da lambarsu na ɗan ƙiftawar ido. PSU mai kyau sai ya kashe kansa, kana tsakar gem allo ya yi baƙi. Marar kyau kuwa yana iya tafiya da katin, bare a nan da wuta ke hawa da sauka tsakanin NEPA da janareto.

7/ Masu harin RTX 4070 zuwa sama, katuna da yawa na zuwa da sabon baki mai fin 16. A 2022 irinsa ya yi ta narkewa a RTX 4090, Nvidia ta ce yawanci ba a tura shi ya shige duka ba ne. Tura shi sai ka ji ƙas, kuma kar ka lanƙwasa wayar dab da bakin.

8/ In ka canza PSU mai wayoyin cirewa, tsofaffin wayoyin su bi tsohon su fita. Bakin na iya shiga daidai, amma jerin fin ɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma hadis ɗinka ne zai fara ƙonewa.