Kuka Ba Hujja Ba Ne

A kwalejojinmu na horon malamai da jami'o'i, in aka ba ɗalibi aikin rubuta insha'i na muhawara a kan wata matsalar ilmi, galibi abin da yakan kawo kuka ne. Ilmi ya lalace, malamai ba su da kishi, gwamnati ta yi sakaci, sa'an nan ya rufe da addu'a. Ko da duk wannan gaskiya ne, ba ya juya ra'ayin kowa. Wanda ya riga ya yarda zai gyaɗa kai, wanda bai yarda ba kuwa zai tashi yadda ya zauna.

Bari mu ɗauki misali da tambayar nan: da wane harshe ya kamata a koyar da yaro a firamare? Ɗalibin da ya goyi bayan harshen uwa, lalle ne ya faɗi matsayinsa tun daga layin farko, daga nan ya kawo shaida. Shaidar kuwa ba ta yi nisa ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da yara da Yarbanci har tsawon shekara shida, Turanci kuwa aka bar shi darasi guda. Yaran ba su kasa takwarorinsu ba, har ma a Turancin. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a azuzuwan farko. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta faɗaɗa shi zuwa shekara shida, a 2025 kuma ta soke, ta koma ga Turanci. Mai rubutun da bai san waɗannan ba, da me zai yi jayayya?

Amma wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne maganar abokin hamayya. Shi ma fa yana da tasa. Zai ce a gari kamar Legas ko Jos aji ɗaya yakan tara yara masu harsuna daban-daban, to da wanne za a koyar? Zai ce ina littattafan lissafi da kimiyya, ina malaman da aka horar? Zai ce manyan jarrabawa da Turanci ake rubuta su. Wajibi ne ɗalibi ya kawo waɗannan da dukkan ƙarfinsu, ya amsa wanda zai iya, ya yarda da wanda ya fi ƙarfinsa, ya nuna kuma dalilin da ya sa duk da haka matsayinsa ya fi rinjaye. Wanda ya ɓoye hujjar abokin hamayya, mai karatu zai gane tsoronta yake ji.

Wannan ba maganar cin maki kaɗai ba ce. Ɗaliban yau su ne shugabannin makarantu da jami'an ma'aikatar ilmi na gobe. In ba su koyi kafa hujja a takarda ba, za a yanke shawara a kan 'ya'yansu suna zaune, su koma gida su ci gaba da kuka.