Ɗan Ƙwaya Ma Majinyaci Ne: Abin Da Annobar Korona Ta Tona

 

Akwai wata magana da ta yawaita a bakunan jama'a lokacin annobar korona ta shekarar 2020, har mun ji ta daga waɗansu da ake kyautata wa zaton ilimi. Idan aka ce ga wani ɗan ƙwaya can yana shure-shure an rasa asibitin da zai karɓe shi, sai ka ji an ce: "Ai shi ya jawo wa kansa. Mutanen kirki ma ba su sami gado ba, balle shi!" Annobar dai ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar ta-ɓacinta tun watan Mayu na 2023, amma wannan magana tana nan daram a zukata, kuma lalle ne a rushe ta kafin wata annobar ta sake yi mana sallama.

Da farko, su wane ne waɗannan da ake yanke wa wannan hukunci? Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka bincika. Kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu cuta, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A jihar Kano kaɗai adadin ya haura miliyan ɗaya. To, ya 'yan'uwa, mutum miliyan ɗaya ba daga wani daji suka fito ba. Daga gidajenmu suka fito, wani ɗan liman ne, wani ƙanen ladan, wata kuwa matar aure ce mai shan kodin a ƙuryar ɗaki.

A haka kulle ya same su. Gwamnatin Kano ta hana fita ranar 16 ga Afrilu 2020, Gwamnatin Tarayya ta ƙara tsananta dokar a ƙarshen watan, ana cikin azumin Ramadan. Asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe, na gwamnati kuwa suka taƙaita karɓar marasa lafiya saboda ƙarancin kayan kariya. Mai hawan jini da mai ciwon suga sun sha wuya, wannan kowa ya faɗa. Wanda ba a faɗa ba shi ne halin wanda jikinsa ya saba da tiramol ko roci aka yanke masa dare ɗaya. Likitoci sun tabbatar cewa yanke ƙwayoyi dangin tiramol da kodin kwatsam yana haifar da gumi, yoyon hanci, ciwon gaɓoɓi, amai da gudawa, alamomin da mai gadin asibiti zai gani ya ɗauka korona ce, ya kulle ƙofa. Yanke masu sa barci irin su roci kuwa yana iya jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, wadda kan kai ga rasa rai. Wanda ya kasa jurewa sai ya koma wa duk abin da ya samu, sholisho ko wani haɗe-haɗen da bai san cikinsa ba. Ashe wanda ake cewa "ya daina mana kawai", dainawar ce take buƙatar likita.

Mu ba ma jayayya a kan haramcin abin maye, ƙanƙaninsa da babbansa, kuma mimbarorinmu sun shaida. Tambayarmu ga masu waccan magana ita ce: a wane babin fiƙihu suka karanta cewa saɓo yana kayar da haƙƙin magani? Direban da ya yi gudun ganganci ya kife, ana ɗinke shi. Wanda ya yi dambe aka fasa masa kai, ana ɗaure masa rauni. Hukunci aikin alƙali ne, da shaidu da sharuɗɗa, ba a miƙa shi ga mai yankan kati ba. Malaman usulu sun lissafa tsare rai da tsare hankali cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin kiyayewa. Domin tsare hankali aka haramta giya. To ta yaya za a kafa hujja da wannan haramci a hana abin da zai dawo da hankalin, kuma a yi asarar ran gaba ɗaya? Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda aka sha kawowa gaban Manzon Allah (S.A.W.) saboda shan giya ana yi masa bulala. Ranar da wani ya gaji ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, kuma ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da haddi, amma ba a fitar da shi daga jama'a ba. Mu kuwa, subhanallahi, ba mu tsayar da komai ba sai korar.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a lokacin annoba. A Amurka, tun watan Maris na 2020 hukuma ta ba da izinin a bai wa majinyacin da ya daidaita maganin metadon na kwana 28 ya tafi da shi gida, maimakon zuwa karɓa kullum. Duk da haka mutum sama da 90,000 ne ƙwaya ta kashe a can a shekarar. Idan wannan ne halin masu tanadi, ina ga namu? Ba mu ce mu kwafi komai nasu ba, amma sun ƙidaya ɗan ƙwaya cikin marasa lafiya, mu kuwa ko gawarsa ba mu ƙidaya ba.

Akwai kuma laifin da yake namu ne na kanmu. A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Rigasa da Daura da wasu garuruwa, aka fito da ɗaruruwan mutane da sasari a ƙafa da tabon duka a baya. Mun yi tir da azabtarwa da sunan addini, kuma daidai muka yi. Amma me muka kafa a madadinsu? Iyaye suka karɓo 'ya'yansu, bayan 'yan watanni kulle ya rufe su tare a gida ɗaya, ga asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Dawanau sun yi kaɗan, ga likitocin fannin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Mun raba shinkafa da gero a ƙofar masallatai, Allah Ya karɓa, amma kwamiti nawa ne ya biya wa mai neman rabuwa da ƙwaya kuɗin gado, alhali miskini ne da zakka ta halatta gare shi?

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su rubuta ƙarara cikin tsarin tunkarar annoba cewa sashen kula da masu shaye-shaye ba ya cikin abin da ake rufewa, kuma a bai wa majinyacinsa da mai rakiyarsa takardar wuce shinge. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba su madogara. Mu kuma a namu ɓangaren, kowane reshe ya ware wani kaso na asusunsa domin wannan jinya, a nemi likita ya koya wa 'yan agajinmu alamomin yankewar ƙwaya, kuma kowane limami ya san sunan asibiti mafi kusa da zai tura uban da ya zo masa da kuka bayan sallar Asuba.